Ɗalibar Injiniya da Na Mayar Aji Biyar

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da lissafi a makarantar sakandare a can arewa, kafin ciwon gwiwa ya sa na ajiye aikin na dawo Kumasi. A unguwar Moshi Zango aka haife ni, amma da muka dawo a Ayigya Zango muka sauka, a gidan da matata ta gada daga mahaifinta. Gida ne mai ɗakuna a jere, rabinsu 'yan jami'a ne ke haya, tunda daga ƙofarmu zuwa jami'ar tafiyar ƙafa ce. Matata ta kafa teburin sayar da waakye, wato dafaffiyar shinkafa da wake, a bakin ƙofa, ni kuma na zauna ina jinyar ƙafa ina sauraron rediyo.

Zaman bai yi wata biyu ba maƙwabta suka fara turo min 'ya'yansu. Wannan ya ce ɗansa ba ya gane rabawa, wancan ya ce 'yarsa jarabawa ta matso. Da na ga abin ya yi yawa sai na shafe bangon baranda da baƙin fenti ya zama allo, na sa kafinta ya buga min benci biyu. Bayan la'asar yaran firamare da na ƙaramar sakandare ke zuwa. Asabar da Lahadi na masu shirin jarabawar gama sakandare ne. 'Yan jami'a kuwa ɗai-ɗai suke zuwa, yawanci idan wuta ta kusa cin gemu. Tun daga lokacin sunana ya ɓace a unguwa, har liman Ticha yake ce min.

Yara da yawa sun zauna a kan bencin nan, wasu na manta fuskokinsu. Amma akwai wata da ba zan manta ba, domin ta sanadinta ne na gane cewa duk tsawon shekarun da na yi riƙe da alli, da sauran karatu a gabana.

Wata Talata ce da hantsi, cikin damina. Ta yi sallama ta tsaya a bakin baranda, doguwa, da hijabi ruwan toka da jaka a kafaɗa. Ta ce daga unguwar Buokrom take, ɗaya daga cikin 'yan hayarmu ce ta kwatanta mata ni. Ta fara bayani da Turanci, da ta ga na amsa mata da Hausa sai ta saki jiki ta koma Hausa. Karatun injiniyan gine-gine take yi. Akwai darasin lissafi mai suna kalkulas na shekarar farko da ta faɗi sau biyu. An ba ta dama ta ƙarshe, saura mako goma sha ɗaya. In ta sake faɗuwa, sashen zai sallame ta.

"Ticha, don Allah kada maganar nan ta fita," in ji ta. "Babana bai sani ba. Duk kasuwa ya gaya wa mutane 'yarsa injiniya ce."

Na ce ta zauna. Ta fito da littattafan rubutunta guda huɗu, na buɗe na duba. Ban taɓa ganin rubutu mai tsabta kamar nata ba, babu gogewa, babu karkata. Na ɗauko littafin da suke amfani da shi na ba ta tambaya ɗaya. Kafin na gyara zama ta gama, kuma daidai ne daga sama har ƙasa. Na ba ta ta biyu, haka. Na ce a raina, to wannan me ya kayar da ita?

A ta uku sai na yi mata wayo. Na ɗauki tambayar littafi, inda suka sa biyu na sa uku, inda suka tara na ɗebe. Ta kama rubutu ba tare da ta tsaya ba, leɓenta na motsi a hankali. Da ta miƙo min takardar, amsar littafi ce ta rubuta, ta tambayar da ban yi mata ba.

Na sa yatsa a kan layi na uku. "Wannan daga ina ya fito?"

"Haka yake, Ticha."

"Na san haka yake a littafi. Me ya sa yake haka?"



Da na yi ta jan ta da hira sai labarin ya fito. Allah ya ba ta kai mai riƙe abu. Shafi in ta karanta sau biyu ya zauna. Tun tana ƙarama ita ke zuwa ta ɗaya, har masu makarantar kuɗin da take zuwa suka ɗauke ta daga aji huɗu suka kai ta aji shida. A sakandare ta haddace tambayoyin jarabawar shekarun baya da amsoshinsu, Allah ya taimake ta suka fito da kama da juna, ta ci. A jami'a kuwa malamin nasu ba ya maimaita tambaya. Nan asiri ya tonu.

Na juya takardar na rubuta mata wani ɗan ƙaramin abu. Na ce, "Rabi a tara da sulusi, nawa ke nan?"

Ta dube ni kamar na zage ta. Sannan ta tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ta rubuta biyu bisa biyar.

Na ce, "'Yata, kina da rabin burodi a hannu, na ƙara miki sulusi, sai abin da ke hannunki ya koma bai kai rabi ba?"

Ta daɗe tana kallon abin da ta rubuta.

Na gaya mata gaskiya, cewa ba kalkulas ne ciwonta ba. Ajin nan na biyar da aka tsallake da ita, can za mu koma. Har nan ban yi laifi ba. Laifina shi ne da na ce ta dawo gobe bayan la'asar, lokacin yara. Na ce wa kaina ai abu ɗaya zan koyar, me zai sa na yi shi sau biyu? Amma in zan faɗi tsakani da Allah, akwai wani abu kuma a zuciyata. Ina da ra'ayin cewa ɗan jami'a sai an sauke masa girman kai kafin karatu ya shiga.

Ta zo. Ta zauna a ƙarshen benci, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, kusa da yara 'yan shekara goma sha ɗaya. Na rubuta irin tambayar jiya a allo na ce ta amsa. Tana cikin laluben amsa, wata 'yar ƙaramar yarinya ta ɗaga hannu ta faɗi amsar nan take. Sai bakina ya riga hankalina, na ce, "To kin ji. 'Yar aji shida ke nan, ke kuma jami'a."

Yara suka fashe da dariya. Ita kuwa ta mayar da bironta cikin jaka, ta miƙe, har sallama ta yi min, ta fita.

Matata tana wanke tukwane a tsakar gida, duk ta ji. Ta bari sai da yara suka watse sannan ta zo ta tsaya a kaina.

"Malam, yau ka kwance wa 'yar mutane zani a kasuwa."

Na ce, "Gaskiya na faɗa mata."

"Gaskiya da ma ɗaci gare ta, wa ya ce ka ƙara mata barkono? Yarinya ta ɓoye wa ubanta, ta zo ta buɗe maka cikinta, kai kuma ka tara mata yara. In kai ne za ka dawo?"

Na yi ta kare kaina, amma na san ta fi ni gaskiya. Washegari na tura wa yarinyar saƙo ta waya na ba ta haƙuri. Ba ta amsa ba. Na sake turawa bayan kwana biyu, shiru. Kullum in na ji trotro, wato motar haya, ta tsaya a bakin titi sai na ɗaga kai. Mako goma sha ɗayan nan na ga yana raguwa, kuma ni ne na ci mata shi.

Ran kwana na takwas da sassafe, matata na zuba wa masu saye waakye, sai ga ta. A hannunta akwai wani tsohon littafin lissafi na aji biyar, bangonsa ya yage.

"Na ƙanwata ne," in ji ta. "Na kulle ɗaki na gwada tambaya ashirin. Shida na ci." Ta ajiye littafin a kan benci. "Na yi kukana na gama, Ticha. Ka koya min."

Na ce, "Kafin nan ki yafe min. Abin da na yi miki ba aikin malami ba ne."

Ta ce ya wuce. Matata ta turo mata kwanon waakye da ƙwai a kai, ta ce ba a karatu da yunwa.

Muka tsara cewa za ta riƙa zuwa kullum daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe, kafin ta wuce laccarta, ita kaɗai, a baranda inda matata ke hango mu daga teburinta. Na kafa mata doka biyu. Ta farko, littattafan nan huɗu masu kyan rubutu za su shiga akwatin matata, ba za ta sake ganinsu ba sai bayan jarabawa. Ta biyu, duk layin da ta rubuta sai ta yi min bayaninsa da Hausa.

"Da Hausa? Ai lissafi ba shi da Hausa."

Na ce, "Shi ya sa. Da Turanci za ki karanto min abin da kika haddace, ni da ke mu ɗauka kin gane. Da Hausa babu littafin da za ki jingina da shi. Sai abin da ke kanki."

Ranar farko da takarda muka yi aiki. Na ba ta farar takarda na ce ta naɗe ta gida biyu, wata kuma gida uku. Na ce ta nemo min yadda za a yanka su duka biyun gutsattsarin su zo daidai da juna. Ta yi ta naɗewa tana warwarewa, ta ɓata takarda kusan goma. Na kama bakina, ko da yake yana yi min ƙaiƙayi. Can sai ta naɗe ɗaya gida shida, ta ƙirga uku, ta ƙirga biyu, ta tsaya.

"Biyar cikin shida," ta faɗa a hankali. Sai kuma ta ɗaga murya, "Ashe shi ya sa ake neman shida! Shekara da shekaru ina ganin ana yi, ban san dalili ba!"

Har masu sayen waakye sai da suka waiwayo.

Ba kowace rana ce take da daɗi haka ba. Akwai safiyar da muka yi awa biyu a kan dalilin da ya sa ɗebewa sau ɗebewa ke zama tarawa, ta tashi ba ta gamsu ba, ni ma na rasa ta inda zan ɓullo mata. Akwai ranar da tsohuwar ɗabi'a ta dawo, na ga leɓenta na motsi, na gane ta haddace aikin jiya ne, na goge allon na sauya lambobi, ta yi fushi ta ce ina ɓata mata lokaci. Bayaninta kuwa abin dariya ne, Hausa a haɗe da yaren Twi da Turanci, irin maganarmu ta Zango, wani lokaci har da hannu da ƙafa. Amma nata ne, ba na littafi ba.

Kwana goma muka yi a aji biyar da shida. Daga nan muka shiga aljabra, muka wuce zanen layuka da kusurwoyi. Abin da na lura shi ne, kan nan nata mai riƙo da ya jefa ta a rami, shi ne kuma ya zama dokinta. Abu in ta gane shi sau ɗaya, an gama, ba na sake maimaitawa. Abin da wani zai yi wata a kai, ita kwana huɗu ne.

Da muka iso kalkulas ɗin kansa, da trotro na fara mata. Na ce, "Daga Buokrom zuwa nan minti nawa kike yi?" Ta faɗa. Na ce, "To direban gudu ɗaya yake yi tun daga can har nan?" Ta yi dariya ta ce ina, wani wuri kamar zai tashi sama, wani wuri kuma mai tafiya a ƙasa ya fi shi. Na ce, "To in ina son sanin gudunsa daidai lokacin da ya wuce ƙofar masallaci, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba, yaya za ki yi?" Kwana biyu tana kokawa da wannan tambaya. Da ta kawo min amsarta, ta ce a riƙa rage tazarar ana ragewa har ta kusa zama babu, sai na buɗe littafi na nuna mata cewa abin da babin farko ke faɗa ke nan, wanda ta haddace tun bara.

Duk da haka lokaci bai ishe mu ba. Ina bukatar Asabar ɗinta, ita kuma duk Asabar tana rumfar babanta a kasuwa, inda yake sayar da albasa buhu-buhu. Na ce mata babu makawa sai ta gaya masa. Ta ce ko kusa. Na ce ba zan faɗa masa da bakina ba, amma ta yi tunani. Mako guda ba mu sake tayar da maganar ba.

Wata Lahadi da yamma, bayan ɗalibai sun tashi, na ji sallamar dattijo a ƙofa. Gajere ne, farin gemu, da babbar riga mai ƙanshin albasa. Tun kafin ya faɗa na gane babanta ne. Na kawo masa kujera, ya ƙi, ya zauna a kan bencin yara. Mutanen Nijar ne su, kuma duk shekarun da ya yi a Kumasi harshensa bai sauya ba.

"Kai ne Ticha?"

"Ni ne, Alhaji."

"Ɗiyata ta gaya mini komi jiya. Ta ce ta faɗi har sau biyu." Ya dubi allon bango. "Tambaya guda na taho da ita. Kanta ne ba ya ɗauka, ko abin mai gyaruwa ne? Ka gaya mini gaskiya, kada ka ji kunyata."

Na ce, "Alhaji, na daɗe ina koyarwa, ban cika ganin kai irin nata ba. Tushe ne aka tsallake tun tana ƙarama. Shi muke ginawa yanzu."

Ya gyaɗa kai. "Wanga tsallake, da yardata aka yi shi. Ran da suka ce za su ɗaga ta aji, goro na raba a kasuwa don murna. Ni ban yi boko ba, na zaci sauri shi ne alheri." Ya share fuska da hannun riga. "Abin da ya fi yi mini zafi, shekara guda tana ɗauke da wanga kaya ita kaɗai, tana tsoron ta gaya mini. Ni kuwa ina ta yawo da sunanta a baki."



"Za ta ci?" in ji shi.

"Gaibu sai Allah, Alhaji. Amma in na samu Asabar ɗinta, ina da kyakkyawan zato."

Ya miƙe ya ba ni hannu. "Asabar ta zama taka. In Lahadi ma kake so, ka ɗauka."

Washegari mai kura ya sauke rabin buhun albasa a ƙofarmu. Matata ta ce wannan ɗaliba Allah ya ƙaro irinta.

Daga ranar yarinyar ta sauya. Nauyin ɓoyo ya sauka, har tafiyarta ta bambanta. Tana zuwa da tambayoyin da ita ta ƙirƙira, wani lokaci ma sai na ce ta bari na yi tunani zuwa gobe.

Ranar da ta fi kowace faranta min rai ta zo a mako na tara. Ina yi mata misali a allo, na tankin ruwa da aka buɗe wa famfo, ana son a san yadda ruwan ke sauka. Na yi layi wajen takwas na kawo amsa na ja layi a ƙarƙashi. Na juyo na ga ta ɓata fuska.

"Ticha, wannan ba zai yiwu ba."

"Me ya hana?"

"Amsarka ta nuna ruwan ƙaruwa yake yi. Famfo kuwa a buɗe yake, zuba yake. Tanki ba ya cika don an buɗe masa famfo."

Na ce ta sake dubawa, lissafi ba ya ƙarya. Ta ce lissafi ba ya ƙarya, amma mai lissafi yana iya kuskure. Ta tashi ta karɓi allin daga hannuna, ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya tana magana da kanta, har ta tsaya a na huɗu. Na yar da alamar ɗebewa a wurin. Ta mayar da ita, ta gyara sauran har ƙasa.

Na tsaya ina kallon allon. Yarinyar da makonni kaɗan baya take rubuta duk abin da ta gani ba tambaya, yau ta ƙi yarda da malaminta saboda hankalinta bai ɗauka ba. Na ƙwala wa matata kira, na ce ta bar tukunya ta zo ta gani.

"Lafiya, Malam?"

"An kama ni da kuskure!"

Ta dube ni ta dubi yarinyar. "To shi ne kake washe baki haka?"

Na ce, "Ba za ki gane ba. Ki ƙara mata nama."

Ranar jarabawa ban iya zama wuri ɗaya ba. Na share baranda, na goge allo sau biyu, na fita bakin titi na dawo. Bayan azahar ta shigo, fuskarta ba annuri. Ta zauna ta ce tambaya biyar aka ba su, huɗu da rabi ta yi lokaci ya ƙare, kuma ko ɗaya ba ta taɓa gani ba.

"Ban san ko na ci ba, Ticha. Da can in na fito na san ko abin da na rubuta ya yi daidai da littafi ko bai yi ba. Yau babu abin da zan gwada da shi."

Na miƙa mata alli na ce ta maimaita min abin da ta yi. Nan kan nata ya yi amfani, ta zubo tambayoyin duka da amsoshinta kamar takardar na gabanta. Ina bi ina dubawa. Ta yi ɗan tuntuɓe a ta uku, sauran kuwa babu abin da zan gyara. A ta huɗu ma ta bi wata hanya da ban koya mata ba, ta fi tawa gajarta. Na so na yi ihu, amma na danne, don ban ga takardar da ta miƙa ba. Na ce ta je gida ta ci abinci ta huta. Tana fita na ce wa matata, "In dai abin da ta rubuta ke nan, an gama."

Mako uku muka yi muna jira. Wata safiya layin masu sayen waakye ya kai bakin titi, sai muka hango ta ta diro daga trotro tun kafin ta gama tsayawa, tana gudu, waya a sama, hijabi na tashi.

"Ticha! Mama! Na ci! Na ci!"

Na karɓi wayar, na sa tabarau. Ba ci na da ƙyar ba ne, mataki ɗaya ne tsakaninta da maki mafi girma. Matata ta saki ludayi ta rangaɗa guɗa. Matan da ke layi ba su san abin da aka ci ba, amma suka taya ta. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu, 'yar ƙabilar Moshi wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta kama yarinyar ta rungume tana cewa, "Yarinyan nan ya yi ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka!" Ni kuwa na koma baranda na zauna a kan benci, don ban so a ga idona.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Alhaji da abokan kasuwancinsa su shida. Suka cika barandar, aka yi addu'a mai tsawo. A gabansu duka ya faɗi cewa ɗiyarsa ta faɗi sau biyu kafin ta ci, bai ɓoye ba. Ya ce yana faɗa ne don duk mai ɗa a makaranta ya riƙa tambayarsa abin da ke damunsa, ba lambar da ya zo kaɗai ba.

Ta ci gaba da zuwa a shekarar da ta biyo, amma jefi-jefi, daga baya ma sai gaisuwa kawai ke kawo ta. Ni kuma na sauya yadda nake karɓar ɗalibi. Ko daga ina ya zo, sai mun zauna mu biyu na gwada shi da ƙananan tambayoyi, babu kowa a wurin, kuma abin da na gani ba ya wuce tsakaninmu. Na sha mamakin yawan manyan ɗalibai da ke yawo da irin wannan rami a ƙasansu, kowa na zaton shi kaɗai ne.

Bara ta kira ni a waya. Ta gama karatu, ta yi hidimar ƙasa, wani kamfanin gine-gine ya ɗauke ta. Ta ce suna gina ƙaramar gada a kan wani kwalbati can bayan unguwar Asawase, tana so na zo na gani. Na ɗauki sandata na hau mota.

Na same ta a bakin rami, da hular kwano a kan hijabi da takalman roba har gwiwa, tana musu da shugaban leburori, wani ƙato mai furfura, a kan gangaren da za a ba wa magudanar. Shi yana cewa shekara talatin yana wannan aiki, da ido yake ganewa. Ita ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a kawo na'urar awo a gwada a gaban kowa, in shi ke da gaskiya a bi nasa. Aka gwada. Ya duba, ya sake dubawa, ya cire hularsa ya sosa kai, sannan ya juya ya daka wa mutanensa tsawa su ƙara haƙa ta ɓangaren yamma.

Sai a lokacin ta hango ni. Ta taho da sauri ta durƙusa ta gaishe ni a cikin laka, a gaban ma'aikatanta. Ta miƙe ta ce musu, da Hausa sannan da Twi, "Ku zo ku gaisa da malamina." Suka ajiye shebur suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu, har da shugaban nasu, wanda ya riƙe hannuna ya ce, "Ashe kai ne ka ja mana."

Ta zagaya da ni ta nuna min ƙarafunan da aka ɗaure da inda ruwa zai bi, tana bayani ina gyaɗa kai, ko da yake rabin abin da take faɗa ya wuce sanina. Da rana ta yi zafi ta ce ba zan koma a trotro ba. Ta sa aka kawo motar kamfani, ta buɗe min gidan gaba, ita da kanta ta tuƙa. Da muka iso Ayigya Zango ta tsaya daidai ƙofar gida ta danna ham sau uku, har sai da matata ta fito da ludayi a hannu tana tambayar wane ne.